Malam Abdullahi Mai Gwandu, Masanin Shari'a Da Tsarin Mulki

Duk yaron da ya zauna ajin tarihi a ƙasar nan ya ji sunan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kuma ji na ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Na ukunsu kuwa, watau Malam Abdullahi ƙanen Shehu, wanda a ke kira Mai Gwandu ko Mai Boɗinga, galibi abin da a ke gaya wa yara game da shi bai wuce cewa shi ya ja runduna ran Tabkin Kwatto ba. To, lalle ya ja runduna, jarumi ne kuma ba na wasa ba. Amma abin da ya fi damun zuciyarsa, wanda ya ƙare ransa yana rubutu a kansa, shi ne wata tambaya mai wuya. In an tuɓe azzalumin sarki an naɗa wani, me zai hana sabon ya koma halin na da? Wace doka ce ke bisa kan mai mulki shi kansa? Wa zai duba alƙali in ya karkace? Masu irin wannan aiki a zamanin yanzu su a ke kira lauyoyin tsarin mulki. Malam Abdullahi ya yi shi da tawada da alƙalamin kara fiye da shekara 200 da suka wuce, ya kuwa sha wahala dominsa.

Asalinsa Da Karatunsa

An haife shi a shekara ta 1180 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1766 zuwa 1767, a ƙasar da ke ƙarƙashin Sarkin Gobir. Sunan mahaifinsa Malam Muhammadu, wanda a ke yi wa laƙabi da Fodiyo, watau malami da Fulatanci. Sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Toronkawa ne, Fulanin da kakanninsu suka taso daga Futa Toro suka zauna wajen Birnin Ƙonni tun da daɗewa, ba su da wata sana'a da ta wuce karatu da karantarwa. Shehu ya girme shi da kamar shekara 12.

Wurin mahaifinsa ya yi karatun Alƙur'ani. Da ya kai shekara 13 sai aka danƙa shi hannun wansa, a nan ya karanta Ishiriniya da Witiriya, da waƙoƙin mawaƙan Larabawa na zamanin jahiliyya, da Ajurumiya a fannin nahawu, sa'an nan Ahalari da Ishmawi da Risala a fannin fiƙihu. Daga nan ya shiga bin malaman danginsu ɗaya bayan ɗaya. Ya saurari Buhari wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji, ya karanta usulu, watau ilmin tushen da a ke ciro hukunci daga gare shi, wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda shi ne kuma malamin Shehu. A 1812 ya rubuta wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusuhi, ya jera malamansa a ciki, kowanne da littafin da ya karanta wurinsa. Saboda wannan littafi ne masu bincike suka san irin karatun da a ke yi a ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa, suka kuma gane ba ƙaramin karatu ba ne.

Zamanin Wa'azi

Sa'ad da Shehu ya shiga yawon wa'azi, daga Ɗegel zuwa Kabi, daga baya kuma zuwa Zamfara inda suka yi wajen shekara 5, Abdullahi na tare da shi kamar inuwa. Shi ne magatakarda, shi ne kuma mai mai da amsa in wani malami ya kawo suka. Akwai wani malamin Barno, Mustafa Gwani, da ya zo musu da waƙa yana zargin Shehu da barin mata su halarci majalisin wa'azi tare da maza. Shehu ya ce Abdullahi ya amsa. Amsar da ya bayar ta nuna irin kansa tun yana saurayi. Ya musa cewa a na cuɗanya, sa'an nan ya ce ko da an ɗauka akwai wani laifi cikin fitowarsu, barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi shi muni, shari'a kuwa ta ce in ɓarna biyu suka haɗu a ɗauki ƙaramar a kauce wa babbar.

Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ran Babbar Salla, ya fito da dukiya don ya raba musu. Shehu, Abdullahi na tare da shi, ya ƙi karɓa, ya roƙi abu biyar a maimakonta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, kada kuma a nauyaya wa talakawa haraji. Mai karatu ya lura, biyu daga cikin biyar ɗin nan ba su shafi malamai kaɗai ba, sun shafi kowane talaka na Gobir ne, Musulmi da wanda ba Musulmi ba.

Abubuwan da a ke kuka da su a wancan zamani Shehu ya lissafa su cikin Kitabul Farƙi: jangali da kuɗin gari da kuɗin salla waɗanda a ke ɗorawa ba bisa ƙa'ida ba, da gaisuwa wadda sai an kai ta kana a ga sarki, da kamuwa, watau ƙwace dabbobin talaka, da tawasa da a ke karɓa wurin mahauta a kasuwa, da kuma shari'ar da a ke sayarwa ga wanda ya fi kuɗi. Waɗannan su ne cututtukan da Abdullahi ya yi ta neman maganinsu har ya mutu.

Hijira Da Yaƙi

Bayan Bawa al'amari ya yi ta tsami. Sarkin Gobir Nafata ya sa aka yi shela cewa ban da Shehu kada wani ya yi wa'azi, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin ubansa, maza su bar naɗa rawani, mata su bar lulluɓi. Da ɗansa Yunfa ya hau, rundunarsa ta faɗa wa Gimbana, garin Malam Abdussalami almajirin Shehu, ta kama mutane. Aka biyo da su ta kusa da Ɗegel, jama'ar Shehu suka kwance su. Daga nan ba sauran zama. A watan Fabrairu na 1804 jama'a ta yi hijira zuwa Gudu, a can suka yi shawara suka ga ba shi yiwuwa su zauna ba shugaban da umurninsa zai hau kan kowa, suka zaɓi Shehu. Abdullahi ne ya fara miƙa hannu ya yi mubaya'a.

A watan Yuni na wannan shekara aka gamu da rundunar Yunfa a Tabkin Kwatto, Abdullahi na gaba, Gobirawa suka karye. Amma kafin shekara ta fita aka yi Tsuntsuwa, inda jama'ar Shehu ta rasa mutum wajen 2,000, cikinsu har da mahaddatan Alƙur'ani wajen 200. A 1805 Abdullahi ya ci Birnin Kabi, jama'a ta koma Gwandu da zama, a ƙarshen shekarar kuma aka sha kashi a Alwasa.

A nan ne tsutsa ta shiga goro. Malaman da suka yi hijira don Allah su ne ke sahun gaba, su ne kuma suka fi mutuwa. Waɗanda suka cike gurbinsu da yawa ganima ta kawo su, ga kuma yunwa ta matsa wa kowa. A kan hanyar Alwasa rundunar ta faɗa wa wani gari da ke cikin amana ta washe shi, Abdullahi da Bello suka yi iyakar ƙoƙarinsu su hana, ba wanda ya saurare su. Mutumin da ya ɗauki takobi don a daina cin dukiyar talaka, yau ga shi yana kallon mutanensa na yin abin nan da idonsa.

Tafiya Kano

Wajen 1807, a na cikin tafiya yaƙin Alƙalawa, Abdullahi ya sulale daga runduna da abokai 5, ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka da Madina, ba shi da nufin komowa. Shi da kansa ya ba da labarin nan cikin Tazyinul Waraƙati, littafin da ya tara waƙoƙinsa a ciki a 1813. Ya ce sun kwana 3 cikin daji ba su ga ɗan Adam ba sai sawun giwaye. Dalilin tafiyar kuwa bai ɓoye shi ba. Abokansa na gaskiya sun ƙare a fagen fama, an bar shi cikin mutanen da himmarsu ta koma ga neman muƙami da tara dukiya, har a na sayar da 'ya'ya a kasuwa da sunan bayi, waɗansu kuma sun hau buzun alƙalanci ba su cancance shi ba.

Da ya iso Kano, zamanin Sarki Sulaimanu wanda shi ne na farko bayan jihadi, mutanen gari suka tare shi suka hana shi wucewa. Ya gaya musu abin da ya gudo dominsa ga shi nan ya tarar a cikinsu. Suka roƙe shi ya rubuta musu littafin da za su riƙa dubawa wajen mulki da shari'a. Ya zauna ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, watau hasken masu hukunci, ya kuma karanta musu tafsirin Alƙur'ani. Ya ce jama'a sun tuba, har suka farfasa kayan kiɗa, suka mai da kwarangwal ɗin tambura akussan ba dawaki abinci. Daga Kano ya fasa tafiya gabas ya koma wurin Shehu. Allah bai nufe shi da zuwa Makka ba har ya bar duniya, amma Kano ta sami littafi, sauran ƙasa kuma ta samu ta hanyarta.

Abin Da Littafin Ya Ƙunsa

Liya'ul Hukkami ya yi magana bisa hijira, da naɗin shugaba da abin da ya wajaba a kansa, da naɗin wakilansa, da hukuncin yaƙi, da kuma siyasar shari'a. Malam Abdullahi bai ƙago waɗannan daga kansa ba. Ya tsamo su daga littattafan magabata, musamman nasihar da Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, da Tabsira ta Ibn Farhun alƙalin Madina wanda ya rasu a 1397. Gwanintarsa ita ce zaɓo abin da ya dace da ciwon ƙasar, da jera shi yadda hakimi ko alƙali zai iya aiki da shi gobe da safe.

Na farko, shugabanci a wurinsa amana ce da malamai da dattawan jama'a ke ɗora wa wanda ya fi cancanta. Ba ya ganin halalcin a ƙwace shi da ƙarfi, ko a mai da shi gadon gida daga uba zuwa ɗa ba tare da duban cancanta ba. Shugaba kuma dole ya yi shawara, ɗa'ar da a ke yi masa tana da iyaka, ba a binsa cikin saɓon Allah.

Na biyu, ya rarraba ayyukan hukuma, kowane da iyakarsa: waziri, da sarakunan ƙasashe, da alƙali, da muhtasibi mai duban mudu da ma'auni da ha'inci a kasuwa, da masu tara zakka da haraji, da mai riƙon baitulmali, da magatakarda. Akwai kuma aikin mai da zalunci, watau sauraron ƙarar da talaka ya kawo bisa mai iko wanda alƙali ba ya iya tanƙwara shi. Hanyoyin da kuɗi ke shiga baitulmali ƙididdigaggu ne, abin da ya fita daga cikinsu ƙwace ne ko da wane suna aka ba shi.

Na uku, shugaba ba ya kuɓuta don ya naɗa alƙalai ya koma cikin gida ya rufe ƙofa. Wajibi ne ya zauna kullum inda mai rauni da mace da yaro za su iya isa gare shi, domin sau da yawa ƙarar talaka bisa waɗanda aka naɗa ɗin ta ke. Wajibi ne kuma ya ƙididdige dukiyar ma'aikaci kafin ya naɗa shi, ya riƙa bincikarsa bayan naɗi. In dukiya ta ƙaru ta hanyar da ba a gane ba, a karɓe a mai da baitulmali. Kyautar da a ke kai wa mai iko don ikonsa haram ce, ko ya yi adalci bayan ya karɓa.

Na huɗu shi ne siyasa, wadda ya sake faɗaɗa ta daga baya cikin Liya'us Siyasati. Ma'anarta a nan ita ce damar da mai mulki ke da ita ta ɗaukar mataki inda nassi bai yanke ba. Ya bi magabata ya kasa ta biyu, akwai ta zalunci wadda shari'a ta hana, akwai ta adalci wadda ke ƙwato hakki daga hannun azzalumi. Malaman da ya dogara da su sun ce wanda a ke tuhuma ma ba ɗaya ba ne. Mutumin da aka sani da kirki ba a taɓa shi don zargi kawai, wanda aka sani da ɓarna a na iya tsare shi a bincike shi, wanda ba a san halinsa ba a tsare shi gwargwadon bincike. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin kotu ya san yawancin zaluncin da a ke yi wa talaka a wannan gaɓa ya ke aukuwa, tsakanin kamu da shari'a.

Bai tsaya nan ba. Ya rubuta littafi bisa aikin muhtasibi, ya rubuta Ta'alimur Rali bisa hukuncin ƙasa: yadda mutum ke mallakar daji in ya raya shi da sassabe ko shuka ko gini ko haƙa rijiya, da hurumin gari da na rijiya da ba a yarda wani ya shinge shi ba, da makiyayar da shugaba ke keɓewa don amfanin jama'a. Rigimar gona da burtali da ke cika kotuna har yau, tun wancan zamani ya ga tana bukatar doka rubutacciya.

Saɓaninsa Da Shehu

Tsakanin harshe da haƙori ma a kan saɓa. Bayan an ci Alƙalawa a 1808, Shehu ya koma Sifawa, Abdullahi ya zauna Boɗinga kusa da shi, Bello ya gina Sakkwato. A 1812 Shehu ya raba aikin ƙasa, ya ba Bello gabas, ya ba Abdullahi yamma, watau Kabi da Yawuri da Dandi da Gurma da Nufe. A cikin waɗannan shekaru ne wa da ƙane suka yi ta musayar littattafai bisa mas'aloli da dama.

Abdullahi ya ƙi jinin a kira shugabannin jama'a da sunayen sarauta irin na da, don yana tsoron in suna ya komo hali ma zai biyo shi. Ya tsananta bisa kaɗe-kaɗe da tufafin alfarma. Shehu kuwa ya ga abin dubawa shi ne aikin mutum, ya kuma ga bai kamata a tsananta wa jama'a bisa abin da malamai suka yi saɓani a kansa ba. Mas'alar da ta fi nauyi ita ce ta Musulmin da ya taimaki abokan gaba da yaƙi. Shehu ya bi fatawar Magili cewa wannan ya fita daga addini. Abdullahi, cikin Liya'us Sulɗani, ya ce mai saɓo ne babba, a yaƙe shi, amma bai zama kafiri don wannan kaɗai ba. Kada mai karatu ya ɗauka gardamar malamai ce ta zaure. A bisa amsarta ne a ke sanin ko za a raba iyalin wanda aka ci da yaƙi a matsayin bayi, ko kuwa 'ya'ya ne da ba a taɓa su.

Abin sha'awa shi ne yadda suka yi saɓanin. Abdullahi bai daina kiran Shehu malaminsa ba, Shehu kuma bai hana a karanta littattafan ƙanensa ba. Cikin Najmul Ihwani ma ya umurci almajirai su duƙufa kan littattafan Abdullahi don shi ne mai tsare lafazin shari'a, su karanta na Bello don sanin siyasar jama'a.

Jarrabawa

Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817. Abdullahi na Boɗinga. Kafin ya iso an riga an yi wa Bello mubaya'a, ya kuma tarar an rufe masa ƙofar gari. Ga shi ƙanen Shehu, wazirinsa, wanda ya fara yi masa mubaya'a, ya girmi Bello da wajen shekara 15, ga shi kuma ya daɗe yana faɗakarwa bisa gadon mulki daga uba zuwa ɗa. Yana da mutane, yana da rabin ƙasa. Da ya so ya ja daga, da an zub da jinin da Allah kaɗai ya san iyakarsa. Sai ya juya ya tafi Gwandu, ya ɗauki alƙalami ya rubuta Sabilus Salama bisa hukuncin shugabanci, ya bar maganar a takarda.

Shekaru kaɗan bayan haka mutanen Kalambaina, kusa da Gwandu, suka yi masa tawaye, abin ya fi ƙarfinsa. Bello ya taso da runduna daga Sakkwato ya taimake shi aka ci garin. An ruwaito cewa da suka gamu Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi. Da haka ɓarakar ta ɗinke, Gwandu da Sakkwato suka zauna gida biyu na daula ɗaya har zuwan Turawa a 1903.

Daga nan ya sakar wa ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari yawancin harkokin ƙasa, ya koma ga karantarwa da rubutu. Ya riga ya gama babban tafsirinsa, Liya'ut Tawili, ya kuma taƙaita shi cikin wani ƙarami don masu ƙaramin ƙarfi. Yana da manyan littattafai cikin nahawu da sarfu, duk a waƙe. Ya rasu a Gwandu a 1245 ta Hijira, watau 1829, a can kabarinsa ya ke.

Bayansa

Ba za a ce an bi duk abin da ya rubuta ba. Sarauta ta koma gado, har a gidansa na Gwandu, tambura sun komo ƙofar fada, gaisuwa ma ba ta mutu ba. Amma littafinsa ya zama ma'auni a hannun malamai, wanda su kan auna sarki da alƙali da shi.

Turawa da suka zo sun bar kotunan alƙalai da majalisun sarakuna ƙarƙashin En'e, suka ɗora dokokinsu a bisa. A 1934 aka buɗe makarantar koyon shari'a a Kano, wadda ta zama Makarantar Ilmin Larabci a 1947. A wannan shekara ta 1947 kuma wata shari'ar kisan kai daga Gwandu, wadda aka sani da sunan Tsofo Gubba, ta kai gaban kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma. Majalisar Sarkin Gwandu ta yanke hukuncin kisa bisa mazhabar Malikiyya, kotun Turawa ta soke shi don a dokarsu kisan da tsokana ta jawo ba ya kai ga haka. Daga nan gardama ta tashi bisa wace doka ce ke sama da wata.

A 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta kira kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson na Landan, da Shettima Kashim Wazirin Barno, da Mista Peter Achimugu, da Malam Musa Alƙalin Alƙalan Bida. Shawararsu ce ta haifi dokar Final Kot ta 1959, wadda ta fara aiki a 1960 tare da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Aka riƙa kawo alƙalai da muhutai da malaman kotu Makarantar Koyon Mulki da ke Kongo, nan Zariya, don su koyi sabon tsari. Tsakanin 1967 da 1968 aka karɓe kotuna daga hannun En'e aka mai da su ƙarƙashin Gwamnati. Tsarin mulkin 1979 ya wajabta wa manyan ma'aikata bayyana dukiyarsu sa'ad da suka kama aiki da sa'ad da suka sauka, na 1999 ma ya riƙe wannan. Mai karatu ya tuna an rubuta wa mutanen Kano irin wannan ƙa'ida tun wajen 1807.

A zamanin 'yancin kai aka waiwayi littattafansa. An buga Liya'ut Tawili a Alƙahira a 1961, Mista Hiskett wanda ya koyar a Makarantar Ilmin Larabci ta Kano ya fassara Tazyinul Waraƙati da Turanci aka buga a Badun a 1963, Alhaji Haliru Binji kuma ya fassara Liya'ul Hukkami da Hausa. Babban ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato sunansa ya ke ɗauke da shi.

To, jama'a, musamman akawuna da malaman makaranta, littafin nan ba sarakuna kaɗai ya ke yi wa magana ba. Wanda ke rubuta rasit ɗin haraji, da wanda ke riƙe da mabuɗin ma'aji, da wanda ke jera ƙararraki ya sa ta wane gaba ta wane baya, duk suna cikin wakilan da Malam Abdullahi ya ce a ƙididdige dukiyarsu, a kuma saurari ƙarar talaka a kansu. Malami kuma in ya zo kan darasin jihadi, ya kyautu bayan ya gaya wa yara wanda ya ci Tabkin Kwatto, ya gaya musu kuma abin da ya fitar da shi daga runduna ya kai shi Kano, da abin da ya rubuta a can. Allah ya jiƙan Malam Abdullahi, ya ba masu riƙe da amanar jama'a ikon sauke ta, amin.